Ga ƙanwarmu da ta ce tsoron wuta ne ke kai ta coci

Salama gare ki, ƙanwata. Kin ce da ba don tsoron gidan wuta ba, ba ki san ko za ki riƙa zuwa sujada ba, kina kuma tambaya ko Allah na karɓar irin wannan bangaskiyar. Na ga wasu har sun fara yi miki faɗa. Ni ban ga laifinki ba. Na daɗe ina koyar da ajin baftisma a ikilisiyarmu, da wuya a gama aji ba a yi mini wannan tambayar ba, sai dai yawanci bayan an tashi ake raɗa mini ita.

Wuta dai ba tatsuniya ba ce a wurinmu, Yesu da bakinsa ya yi zancenta. Ki duba Markus 9, da labarin mai arziki da Li'azaru a Luka 16. Inda ake saɓani shi ne yadda take. Yawancin ikilisiyoyinmu, irin su ECWA da COCIN da Baptist, suna koyar da azaba ta har abada. 'Yan Adventist sun ce hallaka ce gaba ɗaya, mugu ya ƙare ke nan. Katolika sun yarda da wuta ta har abada, sun kuma ƙara da wurin tsarkakewa domin waɗanda suka riga suka sami ceto. Amma ranar shari'a kam, babu mai musun ta.

Abin da na gani da idona shi ne, tsoro ba ya daɗewa. A taron farkawa, in mai wa'azi ya zana wuta har jiki ya ɗauki rawa, gaban majami'a cika yake yi da masu kuka. Ki koma bayan wata biyu ki nemi rabinsu. Ba munafukai ba ne, tsoron ne ya huce, ba a kuwa ba su wani abin riƙewa ba. Waɗanda suka tsaya, in kin tone, za ki tarar sun gane wani abu game da halin Allah. Bulus ma a Romawa 2:4 alherin Allah ya ce yana jawo mutum ga tuba.

Duk da haka kada ki raina inda kika fara. Ɗan nan ɓatacce na Luka 15, ai ba kewar mahaifinsa ce ta ta da shi ba, yunwa ce. Uban kuwa bai tsayar da shi a ƙofa yana binciken dalili ba, da gudu ya tarye shi. Karin Magana 9:10 ta ce tsoron Ubangiji mafarin hikima ne, 1 Yahaya 4:18 kuma ta ce cikakkiyar ƙauna takan kori tsoro. Na fari girmamawa ce, ba ta ƙarewa. Na biyun fargabar hukunci ce, ita ce ake so ta yi ta raguwa.

Akwai wani gefen da masu wa'azi ba su cika taɓawa ba. Wata mama a Zumuntar Mata ta rasa maigidanta a rikicin Kaduna na 2000, ba a kuma kama kowa ba. Da Romawa 12:19 ta riƙe 'ya'yanta maza, cewa ramuwa ta Allah ce. A wurinta shari'ar Allah ba barazana ba ce, ita ce ta sa take iya barci. Mu kuma kada mu saki jiki, don a Matiyu 25 ba sunan coci aka tambaya ba. Mayunwaci da baƙo da mara lafiya da ɗan kurkuku aka ambata.

Yanzu ni ma bari in tambaye ki. Wannan tsoron, bayan wani wa'azi ya fara, ko kuwa akwai abin da ke cin ki wanda ba ki faɗa wa kowa ba? Maganinsu ba ɗaya ba ne. In na farkon ne, ki zauna da Romawa 8 a hankali, sura ɗaya ta ishe ki mako guda. In na biyun ne, kada ki rubuta a nan inda kowa ke gani, ki sami maman fasto ko wata dattijuwa mai riƙe sirri ku yi addu'a tare.