Me manyan ƙasashe ke nema a teku da suke ta ƙera jiragen yaƙi?

Tambaya: Malam, kusan kullum sai an ji Sin ta ƙaddamar da sabon jirgin ruwan yaƙi, ko Amurka ta tura nata Gabas ta Tsakiya, ga Indiya ma ta bi sahu. Teku dai ba fili ba ne da za a kafa masa shinge, kuma faɗinsa ya ishi kowa. To me ake rububi a kai? Sannan gaskiya ne rundunar ruwan Sin ta wuce ta Amurka?

Amsa: Malam, teku yana da faɗi kamar yadda ka ce, sai dai hanyoyin da kaya ke bi suna matsewa a wasu 'yan ƙofofi, kuma rigimar duk a kan ƙofofin nan take. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da ake cinikinsu tsakanin ƙasashe, idan aka auna da yawa, ta ruwa suke tafiya, domin babu abin sufurin da ya kai jirgin ruwa araha.

Ɗauki mashigar Hormuz, tsakanin Iran da Oman. Inda ta fi matsewa ba ta wuce kilomita 40 ba, amma a 2023 kusan ganga miliyan 20 ta mai ce ke ratsa ta kowace rana, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha. Akwai Babul Mandab tsakanin Yaman da Jibuti, wadda ita ce ƙofar kudu ta Bahar Maliya, sai mashigin Suwez na Masar a arewa. Can gabas kuma mashigar Malaka ce, tsakanin Malesiya da tsibirin Sumatra. A watan Maris na 2021 jirgin kwantena guda ɗaya, Ever Given, ya maƙale a Suwez, kwana shida ɗaruruwan jirage na jibge suna jira. Wannan hatsari ne kawai. Abin da ke hana shugabanni barci shi ne ranar da wani zai yi haka da gangan.

Lissafin nan daɗaɗɗe ne. Shekara ɗari biyar da suka wuce, Afonso de Albuquerque na Fotugal ya kama Malaka a 1511, ya kai wa Adan, tashar jiragen ruwa ta Yaman kusa da Babul Mandab, hari a 1513 bai yi nasara ba, ya tabbatar da ikonsa a Hormuz a 1515. Daga baya Ingila ta zauna a Singafo a 1819, ta kama Adan a 1839. Ka duba sunayen da kyau: su ne dai ake ambata a labaran yau. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ce ta gaji wannan gadi, rundunarta ta biyar tana Bahrain, ta bakwai tana Yokosuka a Japan.

Yanzu ka sa kanka a matsayin Sin. Ita ce ta fi kowace ƙasa sayen ɗanyen mai daga waje, kuma mafi yawansa ta Malaka yake bi. Masana'antunta ba su da amfani idan kayansu ba su fita ba. Amma mai gadin hanyar shi ne babban abokin hamayyarta. Tun 2003 shugabanta na lokacin, Hu Jintao, ya nuna damuwa a kan wannan rauni. Kusan duk abin da ya biyo baya daga nan ya samo tushe: bututun mai da gas ta Myanmar, tashar Gwadar a Pakistan, hayar tashar Hambantota ta Siri Lanka na shekara 99 a 2017, da sansanin sojanta na farko a ƙetare, wanda ta buɗe a Jibuti a 2017 ɗin. Jibuti ɗin ma abin dubawa ce: ƙaramar ƙasa, amma Amurka da Faransa da Japan da Italiya da Sin duk suna da sansani a cikinta, saboda tana bakin Babul Mandab.

Matsalar ita ce abin da Sin ke kira rigakafi, maƙwabtanta barazana suke ganinsa, kuma suna da hujja. A tekun kudancin Sin ta zana layi ta ce kusan duk ruwan nata ne, ta cike wasu tsibiran Spratly da yashi ta shimfiɗa filayen jiragen sama a kansu. Filifin ta kai ƙara, a 2016 kotun sasantawa da ta zauna a Hague ta ce layin ba shi da tushe a dokar teku ta 1982, Sin ta yi watsi da hukuncin. Ita kuma Amurka da ke tura jirage yankin da sunan kare 'yancin zirga-zirga, har yau ba ta amince da waccan dokar a majalisarta ba. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, domin ƙananan ƙasashe ba su da wata garkuwa sai doka, kuma manyan biyu kowa yana ɗaukarta ne inda ta yi masa daɗi. Daga nan sai kowa ya shafa wa gemunsa ruwa: Indiya ta ƙaddamar da Vikrant, jirgin dakon jiragen sama da ta ƙera da kanta, a 2022, Ostireliya ta ƙulla yarjejeniyar AUKUS da Amurka da Birtaniya a 2021 don samun jiragen ƙarƙashin teku masu aiki da nukiliya.

Batun wa ya fi wa, idan ƙirga jirage za a yi, Sin ce gaba. Rahoton ma'aikatar tsaron Amurka na 2023 ya ce tana da sama da 370, Amurka kuwa ba ta kai 300 ba. Amma ƙirga kai ba ya faɗin ƙarfi. Jiragen Amurka sun fi girma da nauyi, tana da manyan jiragen dakon jiragen sama 11 duk masu aiki da nukiliya, Sin tana da uku, kuma na farkonsu, Liaoning, tsohon gangar jirgin Tarayyar Sobiyet ne da ta sayo daga Yukren ta gyara. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi: Amurka tana da sansanoni da ƙawaye da gogewar shekaru. A ganina, a tsakiyar manyan tekuna har yanzu babu tsararta. Kusa da gaɓar Sin, musamman kewayen Taiwan, zancen ya bambanta, domin a can rundunar Sin a tattare take, makamai masu linzami na kan tudu na rufa mata baya, ita kuwa Amurka ta rarraba tata a duniya. Abin da ya fi cancantar a sa wa ido shi ne wuraren ƙira. Kusan rabin jiragen kasuwancin da ake ƙerawa a duniya a Sin ake yin su, kuma idan yaƙi ya yi tsawo, wanda zai iya maye gurbin abin da ya nutse shi ke da rinjaye.

Akwai kuma abin da ya dagula lissafin manyan gaba ɗaya. Daga Nuwamban 2023 'yan Husi na Yaman, waɗanda ba su da rundunar ruwan a zo a gani, suka fara kai wa jiragen kasuwanci hari a Bahar Maliya da jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami. Ba sai sun nutsar da jirage da yawa ba. Kuɗin inshora na tashi, manyan kamfanonin dako suka juya suka zagaya ta kudancin Afirka, tafiya ta ƙaru da kusan kwana goma. Jiragen yaƙin Amurka da na Turai sun zo, suna harba makamin miliyoyin daloli don kakkaɓo abin da kuɗinsa bai kai ko kusa ba, duk da haka yawancin manyan jiragen kwantena ba su dawo ba a tsawon 2024. Masar, wadda ba ta cikin faɗan, ta ce ta yi asarar kusan dala biliyan 7 na kuɗin shigar Suwez a 2024 ɗin.