Kurajen Fuska da Suka Ƙi Tafiya Bayan Shekarun Balaga: Amsoshin Likita

Mafi yawan wasiƙun da suka iso mini a 'yan makonnin nan a kan kurajen fuska suke, kuma masu rubutowar ba yara ba ne, domin kusan dukansu sun haura shekara 25, wasu ma sun tasam ma 40. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su.

Kafin amsa, ya kamata a san yadda ƙurjin yake samuwa. A gindin kowane gashi na fuska akwai wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Idan maiƙon ya yi yawa, kuma matattun ƙwayoyin fata suka cakuɗa da shi suka toshe bakin ramin, sai wata ƙwayar cuta da dama can take zaune a fatar kowa ta sami wurin hayayyafa, wurin ya kumbura ko ya tara mugunya. Ba ƙazanta ke kawo su ba, kuma ba a ɗaukarsu daga wani. A wurin babba kuwa, idan sun ƙi ci sun ƙi cinyewa, galibi akwai abin da ke rura wutarsu, kuma neman wannan abin shi ne aikin farko.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 31. Ban yi kuraje a ƙuruciyata ba, amma tun bara fuskata ta cika da ƙanana masu kama da juna, har ƙirji da baya. Kusan shekara biyu ke nan ina shafa wani haɗin mai da wata mai gyaran jiki take yi mini. Idan na daina na kwana uku sai fuskar ta yi ja, tana zafi da ƙaiƙayi, idan na koma sai ta lafa. Mene ne mafita? (Wata uwargida daga Kano)

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da kurajen da sinadarin sitiroyid ke haifarwa. Alamominsu su ne waɗanda kika lissafa: suna fitowa gaba ɗaya, girmansu kusan ɗaya, suna sauka har ƙirji da baya, sannan fata tana yin bore da zarar an janye man. Yawancin haɗe-haɗen da ake sayarwa don hasken fata suna ɗauke da clobetasol ko betamethasone, waɗanda magunguna ne masu ƙarfi da aka tanada don wasu cututtukan fata na ɗan taƙaitaccen lokaci, ba don a riƙa shafawa kullum a fuska ba. Idan aka daɗe ana amfani da su fata takan yi siriri, jijiyoyin jini su bayyana a kumatu, nankarwa ta fito, gashi ya tsiro a inda ba a saba ba, kuma wani kaso na maganin yana ratsa fata ya shiga jini. Wasu haɗin kuma ana zuba musu hydroquinone ko sinadarin makuri, kuma hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta sha jan kunnen jama'a a kan haɗarin waɗannan mayukan na bilicin.

Ina son ki fahimci cewa lafawar da kike gani idan kin koma ga man ba waraka ba ce. Man yana danne kumburin da shi kansa ya haddasa, shi ya sa mata da yawa suke kasa rabuwa da shi. Mafita ita ce a bar shi, amma bayan shekara biyu ba na ba ki shawarar ki yanke shi dare ɗaya ke kaɗai. Ki ɗauki kwalbar ki je wurin likitan fata, akwai su a asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, domin ya tsara miki yadda za a rage shi a hankali ko a musanya shi da wanda ba sitiroyid ba, tare da maganin kurajen. Ki shirya wa makonni na rashin jin daɗi, wani lokaci watanni, inda fuskar za ta yi ja, ta yi saɓa, launinta na asali ya dawo. A daidai wannan gaɓar ce mata da dama suke karaya, don haka yana da kyau maigidanki da na kusa da ke su san abin da ake ciki, su taya ki haƙuri.

Akwai tambayar da zan yi miki da kina gabana: kina shan wani maganin ƙiba, irin wanda ake kira sha-ka-fashe? Da yawansu dexamethasone ne, shi ma sitiroyid, kuma ban da kuraje yana jawo hawan jini da ciwon suga. Idan kina sha, kada ki daina kwatsam, domin hakan na iya jefa jiki cikin haɗari. Likita ne zai sauke ki daga kansa mataki-mataki.

TAMBAYA: Likita, shekaruna 28. Kurajena a haɓa da muƙamuƙi suke fitowa, manya masu zafi a can cikin fata, kuma suna ƙaruwa idan al'adata ta kusa. Al'adar ma takan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, ga 'yan gashi a haɓata. Na canza sabulu da mai sun fi goma. (Wata 'yar'uwa daga Zariya)

AMSA: 'Yar'uwa, sabulu ba zai kai inda matsalarki take ba. Kurajen ƙasan fuska masu tashi kafin al'ada alama ce ta cewa jakunkunan maiƙonki suna amsa kiran wani sinadarin jiki (homon) da ake kira androjin, wanda maza suka fi yawansa amma mata ma suna da shi. Wannan kaɗai ba abin tsoro ba ne, domin mata da yawa masu irin waɗannan kuraje gwajin jininsu lafiya lau yake. Abin da ya ja hankalina a wasiƙarki shi ne haɗuwar abu uku, wato kuraje, tsallaken al'ada da gashin haɓa. Idan suka haɗu haka muna zargin matsalar ma'ajiyar ƙwai da likitoci ke taƙaita sunanta da PCOS, wadda ke iya shafar samun ciki, tana kuma ƙara yiwuwar ciwon suga nan gaba. Ki ga likitan mata domin a yi gwajin jini da hoton mara.

Game da magani, abin da nake farawa da shi ga mafi yawan manya iri biyu ne na shafawa. Na farko adapalene mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari, wanda ke buɗe ramukan da suka toshe. Ana shafa kwatankwacin ƙwayar wake ɗaya ga dukan fuska da dare, bayan ta bushe sarai, ba a kan ƙurji kaɗai ba, domin aikinsa hana sababbi fitowa ne. Ki fara da dare biyu ko uku a mako, sannan ki ƙara, musamman a lokacin hunturu da fata ke saurin tsagewa. Na biyu benzoyl peroxide mai kashi 2.5 ko 5, wanda ke kashe ƙwayar cutar. Ki kula, yana koɗar da launin hijabi, tawul da rigar matashi.

Idan waɗannan ba su wadatar ba, akwai magungunan sha da ke rage tasirin androjin. Ɗaya shi ne ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin homon biyu, wadda ba ta dace da mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai wani nau'in ciwon ɓarin kai ba. Ɗayan kuma spironolactone ne. A 2023 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa sakamakon gwajinsa a kan mata 410 a Birtaniya, inda aka ga ya taimaka, kuma amfaninsa ya fi fitowa a mako na 24 fiye da na 12. Mai juna biyu ba ta shan sa, kuma mai ciwon ƙoda sai an yi taka-tsantsan. Ki sani kuma cewa allurar wata uku da ashanar hannu na tazarar haihuwa suna iya tsananta kuraje ga wasu mata, don haka ki faɗa wa likita idan kina amfani da ɗayansu.

Canza mai fiye da goma da kika yi shi kansa yana cikin matsalar. Babu maganin kuraje da ake yanke masa hukunci kafin mako 8 zuwa 12, kuma a makonnin farko fuska takan ƙara ɓaci kafin ta gyaru. Ki ɗauki hoton fuskarki ranar da kika fara, ki kwatanta bayan wata uku.

TAMBAYA: Shin gaskiya ne gyaɗa, ƙuli-ƙuli da ƙwai suna kawo kuraje? (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

AMSA: Babu ƙwaƙƙwarar hujja a kan gyaɗa ko ƙwai. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne abincin da ke saurin ɗaga suga a jini, kamar lemon kwalba, farin burodi da shayi mai yawan suga, sai kuma madarar shanu ga wasu mutane, da garin furotin da masu ɗaga ƙarfe ke sha. Idan ka lura wani abinci yana tayar maka da su, ka bar shi na wata ɗaya ka gani. Sai dai gyaran abinci kaɗai ba kasafai yake kawar da kurajen da suka kafu ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, shekaruna 36. Kuraje sun addabi goshina da gefen gemuna, kowanne ya tafi sai ya bar baƙin tabo. Wani mai kemis ya ba ni doxycycline, yau kusan shekara guda ina sha. Ina kuma goga lemon tsami a tabon. (Wani magidanci daga Gusau)

AMSA: Malam, shekara guda ta yi yawa. Doxycycline magani ne mai kyau ga kuraje masu kumburi, amma ana ba da shi ne na kimanin wata uku, da wuya ya wuce shida, kuma kullum tare da na shafawa irin su benzoyl peroxide. Shan sa shi kaɗai tsawon lokaci yana sa ƙwayoyin cuta su bijire masa, na fuska da na sauran jiki. Ka je a duba ka a tsayar da shi, a ɗora ka a kan na shafawa.

Wuraren da ka ambata ma suna ba da labari. Kurajen goshi da bakin gashi sau da yawa daga man gashi suke, basilin ko wani mai kauri da ke gangarowa da gumi, sannan hula ta danne shi. Ka rage man, ka nisanta shi daga goshi, ka riƙa wanke hulunanka. Na gemu kuwa mai yiwuwa ba kurajen fuska ba ne tsantsa. Gashinmu murɗaɗɗe ne, kuma idan aka yi aski ƙwal da reza ko aska, tsinin gashin yakan lanƙwasa ya koma cikin fata ya haddasa kumburi. Ka gwada barin gemu na wata guda, ko a riƙa rage shi da injin aski ba tare da an kai fata ba, kuma ya zama injin naka ne na kanka.

Lemon tsami kuwa ka bar shi tun yau, haka man goge baki da tafarnuwa da wasu ke ɗorawa. Baƙar fata tana amsa kowane irin rauni ko ƙuna da ƙarin launi, saboda haka duk abin da ya yi maka zafi a fuska tabon yake ƙarawa. Matse ƙurji ma haka ne. Tabon da bai lotsa ba yana dusashewa da kansa, amma cikin watanni, wani lokaci fiye da shekara. Azelaic acid mai kashi 15 ko 20 da adapalene suna gaggauta hakan, haka ma man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, wanda mutanenmu ke ganin na Turawa ne alhali rana ce ke ƙara wa tabo duhu. Idan kuwa ka ga tabo yana tasowa ya yi tudu mai tauri a muƙamuƙi, ƙirji ko ƙeya, kada ka bari a yanka shi a wajen asibiti, domin irinsa yakan dawo ya fi da girma.

TAMBAYA: Likita, kurajena manya ne kamar maruru, sun fara barin ramuka a kumatuna. Wata ƙawata ta warke da isotretinoin, ta ce in saya. Watana huɗu da aure, muna fatan samun ƙaruwa. (Wata amarya daga Bauchi)

AMSA: Allah ya sanya alheri a auren, ya ba da zuri'a ɗayyiba. Amarya, ina roƙonki kada ki sha wannan maganin. Gaskiya ne isotretinoin shi ne mafi ƙarfi a cikin abin da muke da shi, tun da aka amince da shi a Amurka a 1982, kuma shan sa na wata huɗu zuwa shida yakan kawar da munanan kuraje na tsawon lokaci. Amma yana lalata halittar jariri a ciki, ƙwaƙwalwa, zuciya, kunne da fuska, ko ya zubar da cikin, kuma ɓarnar tana faruwa ne a makonnin farko, tun mace ba ta san ta ɗauka ba. Shi ya sa ba a ba mace sai an tabbatar babu ciki, tana kan ingantacciyar hanyar tazarar haihuwa wata guda kafin farawa, duk tsawon shan, da wata guda bayan gamawa. Mai shan sa ba ya ba da jini, ba ya haɗa shi da doxycycline, ana duba hantarsa da kitsen jininsa, ana kuma lura da yanayin ransa. Magani ne na likitan fata, ba na karɓa daga hannun ƙawa ba.

Tunda kina neman ciki, adapalene, tretinoin, doxycycline da spironolactone ma duk ki ajiye su. Abin da ya rage miki shi ne azelaic acid, benzoyl peroxide da clindamycin na shafawa, kuma idan kumburin ya yi tsanani likita na iya zaɓar maganin sha da ya dace da mai ciki, ko ya yi wa babban ƙurji allura a cikinsa domin ya sace kafin ya bar rami. Da yake ramukan sun riga sun fara, kuma su ba sa cikewa da kansu, kada ki jinkirta. Ki je asibitin koyarwa da ke nan Bauchi cikin makon nan ko na gaba, tare da maigidanki idan zai yiwu, ki tafi da duk abin da kike shafawa ko sha, kuma ki faɗa wa likitan ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe.