Akwatin Tambaya: Wane fim ɗin ban tsoro ya cancanci kuɗinka?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan fina-finan ban tsoro da na zullumi ne, waɗanda suka gama zagayen sinima suka shigo gida, wasu a faifai, wasu ta intanet. Na tsamo biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana da ke Amurka zai zo ganin gida, ya ce in zaɓi fina-finai biyu ya sayo mini a faifai. Na rasa na ɗauka tsakanin Sinners da Weapons da Nosferatu da 28 Years Later. Talabijin ɗina mai 4K ce, kuma ina da PlayStation 5 mai cin faifai. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu je ga sunan fim, ka fara gaya wa Yaya irin faifan da zai saya, don a nan ake yin asara. Kamfanonin fim sun raba duniya shiyya-shiyya. A tsarin Blu-ray Amurka tana shiyyar A, mu a Afirka muna B tare da Turai. A na DVD kuma Amurka 1 ce, Najeriya da Nijar suna 5. Idan na'urarka ta shiyyar Turai ce aka kawo maka faifan Amurka mai kulle, sai dai ka yi ta kallon kwalinsa. Amma faifan 4K Ultra HD ba shi da wannan kullen, kuma na'urarka tana karanta shi. Ka ce masa mai baƙin kwali, wanda aka rubuta 4K a goshinsa.

To, na farko Sinners, ba sai an yi dogon tunani ba. Ryan Coogler ne ya ba da umarni, ya fito a Afrilun 2025. Michael B. Jordan ya fito a matsayin tagwaye da suka koma garinsu a jihar Misisifi a 1932 suka buɗe gidan rawa, a daren farko kuma matattu masu shan jini suka tsaya a bakin ƙofa suna neman a ce musu su shigo. An ɗauke shi a kan fim mai faɗin milimita 65 da kyamarori iri biyu, shi ya sa za ka ga wani lokaci hoton ya tsuke da baƙin layi sama da ƙasa, can kuma ya buɗe ya cika allo. Talabijin ɗinka lafiyarta ƙalau, haka aka tsara. Abin da ya sa na ce a faifai shi ne kiɗan. Rabin ran fim ɗin yana cikin garayar Turawa da muryar yaron da ke waƙa, kuma irin fim ne da za ka sake kallo bayan ka san ƙarshensa, ba tare da ya gundure ka ba.

Na biyu Nosferatu na Robert Eggers, wanda ya fito a Disambar 2024, sabon ɗinki ne na tsohon fim ɗin Jamus na 1922. Ni a ganina ya fi Sinners sanyin tafiya, wasu ma sun ce ya sa su gyangyaɗi. Sai dai kusan dukkansa a hasken kyandir da farin wata aka yi shi, kuma duhu shi ne abin da intanet ke fara ɓatawa. Faifai ne ke ba shi haƙƙinsa.

Weapons kuwa na Zach Cregger, ka kalle shi amma kada ka saya tukuna. Yara 17 'yan aji ɗaya suka fice daga gidajensu da ƙarfe 2:17 na dare suka ɓace, ɗaya tak ya rage. Ƙarfinsa duka yana cikin tambayar ina suka tafi, kuma da zarar ka ji amsa, ɗokin ya ragu da rabi. Ka kalle shi sau ɗaya, in bayan wata guda yana nan yana yi maka yawo a ka, sai ka nemi faifan. Shi ma 28 Years Later na Danny Boyle haka, da wayar iPhone aka ɗauki yawancinsa, da gangan aka bar hoton da kaushi. Ba ya cikin waɗanda zan kashe kuɗin Yaya a kansu.

Abu ɗaya: duka huɗun na manya ne. Biyun da na zaɓa maka akwai wuraren da ba za ka so Umma ta shigo falo ta tarar da su a allo ba.

Tambaya: Malam, na je wajen mai turi ya sa mini sabon fim ɗin ban tsoro a waya. Na haɗa da talabijin, amma duk inda dare ya yi a fim ɗin ba na ganin komai sai baƙaƙen tubala suna motsi. Talabijin ce ko fim ɗin? Daga wani tela a Maraɗi.

Fim ɗin ne, malam, wato kwafin da aka ba ka. Faifan 4K yana ɗaukar gigabait 66 zuwa 100, Blu-ray 25 zuwa 50, DVD mai hawa ɗaya 4.7. Abin da ke cikin wayarka da wuya ya kai gigabait ɗaya. Kafin a matse fim ya koma haka dole a zubar da wani abu, kuma manhajar da ke matsewa takan fara da wurare masu duhu, domin a lissafinta ido ba ya lura da su sosai. A fim ɗin soyayya da ake rawa cikin lambu da rana tsaka ba za ka ji asarar ba. Fim ɗin ban tsoro kuwa a inuwa yake ɓoye kayansa: hannun da ke bayan labule, fuskar da ke ƙarshen soro. An zubar da su, an bar maka tubala. Ka biya kuɗin tuwo an ba ka ƙanzo.

Idan kuma fim ɗin bai fi sati biyu da shiga sinima ba, to wani ne ya ɗauke shi da kyamara daga kujerarsa, har tarin 'yan kallo za ka ji. Wannan sata ce, kuma satar ma ba ta da auki. Jiran fim ya shigo gida ta halastacciyar hanya ba shi da tsawo yanzu. A da akan yi kwana 90 kafin fim ya bar sinima, amma tun 2020 da kamfanin Universal ya yi yarjejeniyar kwana 17 da gidajen sinima na AMC, abin ya ragu ƙwarai. Sinners ma bai cika wata biyu ba aka fara ba da hayarsa ta intanet.

In za ka kalla ta halastacciyar hanya, ka san cin datar. Netflix da kansa ya ce awa ɗaya takan ci kamar gigabait 1 a matsakaicin hoto, har 3 a HD, har 7 a 4K. Ka sauke da dare lokacin da data ke araha. Sannan ka kashe fitilar ɗaki, ka fitar da talabijin daga saitin nan mai ƙyalli da ake bari a shago, ka mayar da ita saitin sinima. In babu lasifika mai kyau, abin sauraro na kunne ya fi na jikin talabijin nesa ba kusa ba. Takun ƙafa a saman rufi da numfashi a bayan ƙofa su ne ke tayar da tsigar jiki, ba jinin ba.

Tambaya: Yarana biyu, mai shekara 11 da mai 13, sun dame ni da wani fim na 'yar tsana mai suna M3GAN, wai abokansu duk sun gani. In bar su? Daga wata uwa a Kumasi.

Hajiya, ki duba kwalin ko shafin fim ɗin da kyau, don iri biyu ne. Wanda aka nuna a sinima a farkon 2023 yana da alamar PG-13, ma'ana hukumar Amurka tana jan kunnen iyaye game da yaran da ba su kai 13 ba. Da ya zo gida sai aka ƙara fitar da wani mai rubutun Unrated, wanda aka mayar masa da jini da ashar ɗin da aka yanke. Kamfanoni suna son wannan dabarar, tana sa wanda ya gani a sinima ya sake saye. Duk inda kika ga wannan kalmar, ba na yara ba ne. Alamar R kuma tana nufin ɗan ƙasa da 17 sai da babba. A faifan Ingila lamba ce a da'ira, 12 ko 15 ko 18, ta fi sauƙin ganewa.

Kada kuma ki ɗauki PG-13 a matsayin tabbaci. An ƙirƙiro ta ne a 1984 bayan iyaye a Amurka sun yi ƙorafi kan Gremlins da fim ɗin Indiana Jones na biyu, kuma da ma'aunin tarbiyyarsu aka auna, ba namu ba. Shawarata, ki fara kallo ke kaɗai. In kin gamsu, babban ya gani tare da ke da rana. Ƙaramin ya ƙara shekara biyu. Ke za a tasa da ƙarfe uku na dare, ba abokan nasa ba.

Tambaya: Na ga ana cewa haya ko saye a manhajojin fim. Wanne ya fi? Ko in sayi na'urar faifai gaba ɗaya? Daga wani ma'aikaci a Abuja.

Haya, ranka ya daɗe. Galibi ana ba ka kwana 30 ka fara, da ka fara kuma awa 48 ka gama. Sayen intanet izinin kallo ne kawai, fim ɗin yana rumbunsu, ba naka ba. Na'ura kuwa sai in kana da fina-finan da kake maimaitawa. Kasuwarta tana tsukewa: Samsung ya daina fitar da sababbi tun 2019, LG ya bi sahu a ƙarshen 2024, cikin manyan kamfanoni an bar Sony da Panasonic. In daga Amurka za a kawo maka, ka karanta bayanta kafin ka jona. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. Na taɓa yin wannan gangancin da na'urar da aka yo mini tsaraba, ko faifan farko ba ta haɗiya ba hayaƙi ya tashi.

Tambaya: Maigidana yana son fim mai sa zuciya bugawa, ni kuma ba na iya ganin jini ko aljanu. Akwai wanda za mu zauna tare? Daga wata amarya a Katsina.

Akwai, amarya. Ku nemi Conclave na Edward Berger, 2024. Fafaroma ya rasu, an kulle manyan limaman Katolika a Batikan su zaɓi magajinsa, Ralph Fiennes ne ke jagorantar zaɓen yana tono asirin 'yan takara ɗaya bayan ɗaya. Babu dodo, babu wuƙa, makamansu raɗa da takardar ƙuri'a ne, duk wanda ya taɓa ganin yadda ake neman sarauta zai gane wasan tun daga farko. Alamarsa PG, wadda ta fi PG-13 sauƙi, awa biyu ne, ya kuma ci kyautar Oscar ta rubutun labari a 2025. Akwai fashewa guda ɗaya wajen ƙarshe da za ta sa ki zabura, don haka ki ajiye kofin shayin kafin a kai can.