Java tana amsawa amma javac babu: ga inda matsalar take

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka girka Java a sabarka mai Ubuntu 22.04, `java -version` tana amsawa lafiya lau, amma `javac` ta ce ba a san ta ba, ga kuma manhajar da aka turo maka ta ƙi tashi.

Abin da ka girka JRE ne, ba JDK ba. JRE gudanar da shirin da aka riga aka haɗa kawai yake yi, ita kuwa `javac` mai haɗa shirin a cikin JDK take. Wannan mai sauƙi ne.

Amma kar ka yi gaggawar buga `sudo apt install default-jdk`, domin a 22.04 Java 11 zai ba ka. Fara duba saƙon da manhajar ke fitarwa. In ka ga UnsupportedClassVersionError tare da lamba 61, to da Java 17 aka gina ta. 55 na nufin 11, 65 kuma 21. Tsohuwar Java ba ta iya ɗaukar abin da sabuwa ta haɗa, ko sau nawa ka sake kunna sabar. In 17 ce, buga `sudo apt update`, sannan `sudo apt install openjdk-17-jdk-headless`. Ni wannan na headless nake sawa a saba, don babu kayan allo a cikinsa, bai cika cin wuri ba. Tunda tsohuwar tana nan, yi `sudo update-alternatives --config java` ka zaɓi 17, ka maimaita wa `javac`.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne JAVA_HOME, wato saitin da ke nuna wa manhaja inda aka girka Java. Na taɓa ɗora wa wata makaranta manhajar fitar da sakamakon jarrabawa. Idan na tayar da ita da hannuna sai ta yi aiki sumul, amma da zarar an sake kunna sabar sai shiru. Har wajen ƙarfe biyu na dare ina bin rahoton sabar da `journalctl` ke nunawa layi-layi, iyaye kuma na jiran sakamako da safe. Ashe a `.bashrc` na rubuta JAVA_HOME, fayil ɗin da ake karantawa idan na buɗe wurin buga umarni, shi kuwa systemd, mai tayar da manhajoji idan an kunna saba, ba ya karanta wannan fayil sam. Da na sa layin `Environment=JAVA_HOME=/usr/lib/jvm/java-17-openjdk-amd64` a fayil ɗin sabis da systemd ke tayar da manhajar da shi, na yi `sudo systemctl daemon-reload`, nan take ta miƙe. Don Allah kar ka bar wannan sai ranar da mutane suka dogara da manhajar.

Wasu za su ce ka sauko da JDK na kamfanin Oracle. Ni dai ban ga dalili ba, sai ka zauna karanta sharuɗɗan lasisi, kuma sabuntawa ta zama aikin hannunka. OpenJDK na ma'ajiyar Ubuntu yana samun gyaran tsaro tare da `apt upgrade`.

In ka gama, turo mana abin da `java -version` da `javac -version` suka nuna, da cikakken saƙon kuskuren in har yana nan.