Amsa: In cire shawa in sa baho kafin in sayar da gida?

Alhaji, ka ce za ka cire shawa ka sa bahon wanka kafin ka sa gidanka na Agege a kasuwa, wai ko farashi zai ɗaga. Ni dai kar ka ɓata kuɗinka wallahi. Legas ɗin nan da sai an tada janareta an jawo ruwa daga bohol zuwa tanki, wa zai cika baho kullum? Gidan yayana akwai shi, bokitai ake tarawa ciki, Hajiyarmu ma ba ta iya ɗaga ƙafa ta shiga. Ga fasa tayil ga kuɗin mai gyaran famfo. Mai saye takardun gida zai fara tambaya, sai ko ruwa na shiga da damina. Canza kan shawar kawai, a toshe inda ke yoyo, a yi fenti.