Amsa ga mai tambayar ko kanel na aiki da duk ƙwayoyin firosesa

Ɗan'uwa, ka ce Ubuntu ɗinka na jan ƙafa, kuma ƙwaya (core) ɗaya kake gani a htop, manhajar da ke nuna aikin firosesa, alhali Core i5 ce mai ƙwayoyi fiye da ɗaya. Wallahi da na karanta sai da raina ya sake ɓaci, don irinta ta same ni sak.

Kafin komai buga cat /proc/cmdline, mai nuna umarnin da aka ba kanel (zuciyar Linux) wajen tashi, ka duba ko akwai acpi=off, nosmp ko maxcpus=1. Ni acpi=off ne ya kashe ni. Na kai laftof ɗina wajen wani mai gyara don tana maƙalewa wajen tashi, ya cusa shi a GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, bai faɗa min ba, ya karɓi kuɗinsa. Ta tashi kam, amma kamar jakin da aka yi wa lodin siminti. Alamar batir ta ɓace, in na kashe ta ba ta mutuwa sai na danne maɓalli. Na koma, mutumin nan ko ɗago kai bai yi ba, wai ram ne, in sayi sabo a wurinsa. Na saya! Ba abin da ya canja. Na sake komawa, ya ce ai Linux haka yake, in koma Windows, a gaban yaransa suna dariya. Ga aikin mutane a hannuna ana ta kirana. Allah ya isa.

Yawancin injinan yanzu ta ACPI (tsarin kula da wuta da kayan injin) kanel ke sanin adadin ƙwayoyin, in an kashe ACPI sai kanel ya tashi da ɗaya. Ka gwada nproc da lscpu, ka kwatanta abin da ke /sys/devices/system/cpu/online da na present. In online ya nuna 0 kawai, wato ƙwaya ta farko ita kaɗai, to sauran barci suke. dmesg ma na faɗin adadin da ya tayar a layin smp.

In ka samu mai laifin, cire shi daga /etc/default/grub, ka buga sudo update-grub, ka sake kunnawa. Ka leƙa BIOS kuma, wasu na da wurin rage ƙwayoyi.

Amma in duka suna nan, ɗaya ce kawai ke kaiwa 100% a htop, to manhajar ce ba ta iya raba aiki ba, kanel ba ruwansa. Kuma don Allah ka goge ƙurar fanka, zafi ma na rage gudu. Turo mana abin da cmdline ya nuna mu gani.