Tambayoyinku: Nikon ko Canon, wacce ta fi?

Tambaya: Malam, kullum sai mun yi musu da abokina. Shi ɗan Nikon ne, ni kuwa kyamarar fim Canon AE-1 na gada daga mahaifina. Wacce ta fi fitar da hoto?

Amsa: Wannan musun ya girme ku duka biyun, ni kam ya ishe ni. Kyamarar fim akwati ce mai duhu da ƙofar haske, gilashi da fim ne masu aikin. Abin da kuke kira ƙaunar kamfani, galibi gilasai ne suka ɗaure mutum. Nikon ta fito da bakin ɗaura gilashi na F a 1959 ta riƙe shi shekara da shekaru, to wanda ya tara gilasai biyar ina za shi? Canon kuwa a 1987 ta yi watsi da bakin FD ta koma EF, tsofaffin gilasai suka ƙi hawa sabuwar kyamararta ta EOS. Akwai dattawan da har gobe ba su yafe ba, ko da yake sauyin ne ya ba ta saurin saita gani da ya janyo mata masu ɗaukar hoton wasanni.

Sauran kuma sabo ne, turken wawa. Zoben saita gani na Nikon juyinsa akasin na Canon ne. Miƙa wa abokinka taka, za ka ga ya murɗa baibai, hoton ya dushe, ya rantse laifin kyamarar ne.

In ra'ayina kake so, na fi son kyamara mai aiki ko babu batir. AE-1 ɗinka ta 1976, batir na mutuwa ta zama kayan ado. Nikon FM2 da Pentax K1000 kuwa in batir ya mutu ma'aunin haske kaɗai ke tsayawa. Amma gadon uba ce, riƙe abarka, ka riƙa cire batirin in za ka ajiye ta.

Tambaya: Na wanko hotuna, duk jan zane ya ratsa gefensu.

Amsa: Soson da ke jikin murfin bayan kyamarar ya narke, haske na shiga. Kankare shi ka manna sabo.

Tambaya: In na sayi kyamarar nan mai tsada, Leica M6, hotona zai gyaru?

Amsa: A'a, aljihunka ne zai rame. Sayi fim goma ka ƙarar da su da wadda ke hannunka, sannan ka sake rubuto mini.